Yadda Ake Zaɓen Faifan Birki da Canza Shi a Tsohuwar Hilux

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu tsofaffin motocin ɗaukar kaya: da an taka birki sai sitiyari ya kama rawa, bakanike ya ce faifai ne, to wanne za a saya, kuma mutum zai iya canza shi da kansa? Zai iya, in yana da kayan aiki da haƙuri. Ko da gareji za ka kai, sanin yadda aikin yake bi da bi zai sa ka tsaya a kan motarka ka ga an yi shi daidai. Na ɗauki Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015 mai jan ƙafa huɗu a matsayin misali, domin ita ce ta cika hannun mutane yanzu. Faifai ne a gabanta, bayanta kuwa diram ne da takalman birki, don haka duk maganarmu a kan ƙafafun gaba take. Inda wadda ta girme ta ta bambanta zan faɗa.

1. Tabbatar faifan ne

Kada ka je kasuwa tukuna. Hau titi mai kyau, ka kai gudun kilomita 70 ko 80, ka taka birki a hankali. Idan sitiyari ya yi rawa kuma feda tana bugun tafin ƙafarka, ka saki birki rawar ta tsaya, to faifan gaba ne ake zargi. Idan rawar tana nan ko ba ka taka birki ba, nemi balansin taya, ko tairod, ko boris. Idan kuma a kujera kake jin girgizar fiye da a hannu, duba diram na baya. Motar da ke da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa yayin birki, takan buga feda idan aka taka birki da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi. Wannan aikinta ne, ba ciwo ba.

Sai ka cire taya ka duba da ido da yatsa, bayan faifan ya huce. Abin da kake nema: zurfafan layuka da farce ke maƙalewa a ciki, leɓe mai kauri a bakin faifan, tabo mai shuɗi-shuɗi na ƙuna, da tsaga. Tsagar da ta kai bakin faifai ba a shawara a kanta, canji ne kawai.

2. Auna kafin ka ciro kuɗi

Nan ne mafi yawan asara ke farawa, kuma nan nake so ka ɓata lokaci. Kowane faifai yana da iyakar sirantar da aka yarda ya kai, an buga ta a jikinsa, a gefen baki ko a kan hular da ke tsakiya, da rubutun MIN TH da lamba a milimita. Tsatsa kan rufe ta, sai an goge da burushin waya. A Hilux ɗin da muke magana, faifai mai faɗin milimita 297 yana zuwa da kaurin 25, iyakarsa 23. Babban, mai faɗin 319, kaurinsa 28, iyakarsa 26. Ka ga milimita biyu ce kacal tsakanin sabo da wanda ya ƙare, ido ba ya iya raba su.

Da maikuromita ake aunawa, wato ɗan abin awon kauri mai matse ƙarfe ta fuska biyu, a wurare shida ko takwas kewaye da faifan, kamar faɗin yatsa ɗaya daga baki. Idan baniya kawai gare ka, wato abin awo mai dogayen muƙamuƙi, leɓen bakin faifai zai yaudare ka, ya nuna maka kaurin da babu. Dabarar ita ce ka ɗora washa ɗaya a kowace fuska, ka auna gaba ɗaya, sannan ka cire kaurin washa biyun.

Auna faɗin faifan ma, da tsayin hularsa, ka ƙirga ramukan kusoshi. Mai jan ƙafa huɗu ramuka shida gare ta, mai jan ƙafa biyu yawanci biyar, kuma faifanta ya fi ƙanƙanta. Rubuta lambar shasi a takarda. "Hilux ce 2010" ba ta isa bayani a shago ba, domin a shekara guda an fitar da masu faifai daban-daban, ga ta Tailan, ga ta Afirka ta Kudu. Wanda ya fi kowa kwanciyar hankali shi ne wanda ya cire tsohon faifan ya tafi da shi a buhu.

Gargaɗi: kada a lallashe ka da cewa babban faifai ya fi kama birki, a sa maka 319 a gurbin 297. Kowanne da kalifarsa, wato ƙarfen da ke matse faifan idan an taka birki, ba sa musanya.

3. A wanke tsohon a inji, ko a sayi sabo?

Masu injin tana suna sassaƙe fuskar faifai ta koma sumul, kuma aikin ya fi sayen sabo araha nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa ɗaya: bayan an gama, kaurin ya kasance sama da iyakar nan da ɗan rara. Faifan da ya riga ya kai 23.5 idan aka wanke shi ya faɗa ƙasa da iyaka, kuma siririn faifai ba ya riƙe zafi. Motar da ke sauko da buhunan dankali daga Jos ta Hawan Kibo, ko ke gangarowa daga Mambila, ba ta da wurin wasa da wannan. A ganina, tsohuwar motar da ke ɗaukar kaya kullum a saya mata sabo. Wanki na mai faifan da bai ci sosai ba ne, wanda 'yar rawa kawai ta dame shi.

4. Zaɓe a kasuwa

Ko Ƙofar Ruwa ka shiga a Kano ko Panteka a Kaduna, kala uku za a shimfiɗa maka: sabo na kamfanin motar, sabo na wasu kamfanoni, da na hannu wanda ake kira Beljiyam. Na kamfani ya fi tsada, kuma shi aka fi yi wa jabu, kwali mai kyau ƙarfe marar kyau. A cikin na wasu kamfanonin akwai sanannu irin su Advics, Brembo, Bosch da TRW, akwai kuma marasa suna da ake sayarwa rabin kuɗi. Na hannu ba laifi ba ne idan ka auna shi a gaban mai shago ka ga da sauran nama. Sau da yawa tsohon faifai na asali mai kauri ya fi sabon jabu. Amma ka je da abin awonka. Faifan da aka wanke aka shafa wa mai yana ƙyalli kamar sabo.

Ɗauki faifan a hannu ka gwada nauyinsa da naka tsohon. Sabo ya kamata ya fi nauyi. Leƙa ta gefe: faifan gaba fuska biyu ne da ramukan shan iska a tsakani. Masu rage ƙarfe sukan faɗaɗa tsakiyar su sirantar da fuskokin, ka auna kauri ya fito daidai alhali naman da zai sha zafi ya ragu. Duba ko an buga MIN TH a jikinsa. Wanda ba a buga masa komai ba, ajiye shi.

Masu huji-huji da masu zane a fuska suna da kyan gani ta cikin rim, amma ba na ba mai motar aiki shawarar su. Laka da tsakuwa na shiga hujin, kuma tsaga takan fara daga bakinsa idan zafi ya yi yawa. Faifai sumul shi ne na hanyar ƙauye. In dai ka nace ka saya, duba alamar L da R, domin wasunsu kowanne da ɓangarensa.

Biyu za ka saya, hagu da dama, iri ɗaya. Faifai sabo a gefe guda da tsoho a ɗaya gefen yana sa mota ta ja gefe idan aka taka birki. Kuma da sabon fad za ka haɗa, wato abin da ke gogar faifan idan an taka birki, ko da tsohon bai ƙare ba, domin ya riga ya ɗauki layukan tsohon faifai, zai kwafe su a kan sabon.

Batun kuɗi: farashin kayan nan yana bin dala, don haka tambayi shago uku a rana ɗaya kafin ka biya. Lissafinka ya ƙunshi faifai biyu, saitin fad, gwangwanin feshin wanke birki, ƙaramar robar man birki, ɗan giris na birki, da ladan bakanike in ba kai za ka yi ba. Faifan ne ke cin mafi yawan kuɗin. Ka ware wani abu a gefe saboda robobin kalifa, don sai an buɗe ake sanin halinsu. Yi ciniki da sharaɗin dawowa idan bai hau ba, a rubuta a rasit.

5. Kayan aiki

Jak mai ƙarfi, da ƙafar ƙarfe ta tallafe mota ko gungumen katako lafiyayye. Weji biyu. Wil sifana lamba 21. Soket lamba 17 da dogon hannu, da sifana 12. Filaya, babbar sukudireba, guduma, burushin waya, samfefa, waya mai kauri ta rataye kalifa, bol biyu masu zaren M8, da man sassauta tsatsa irin WD-40. Sai sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Wannan ta ƙarshe ba kowane gareji ke da ita ba, amma ka nema ko aro ne; za ka ga dalili a mataki na 11. Wanda ya saba, awa biyu ta ishe shi. Sabon hannu ya ware rabin yini.

6. Ɗaga motar

A ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, babu kaya a baya. Ja birkin hannu, sa giya, sa weji gaba da bayan tayar baya. Sassauta notinan taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga, ka tallafe shasi, ka sauke nauyin a kan abin tallafin. Tura tayar da ka cire ƙarƙashin shasi.

Gargaɗi: ba a aiki a kan jak shi kaɗai, ba a kuma tallafe mota da bulon siminti. Bulo ba ya ba da sanarwa kafin ya fashe.

Gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, don in ka manta yadda wani ƙarfe ya zauna ka zagaya ka leƙa. Ɗaukar hoto da waya kafin kwancewa ma yana taimako.

7. Cire fad da kalifa

Juya sitiyari yadda bayan kalifar zai fuskance ka. Kalifar wannan mota mai fistin huɗu ce masu tura fad, biyu ciki biyu waje, kuma fad yana fita ta baya ba sai an sauke ta ba. Zare siririyar wayar da ke riƙe da dogayen fin guda biyu, ka fitar da su, ka kula da ɗan ƙarfen da ke danne fad kada ya yi tsalle ya ɓace.

Kafin ka zare tsohon fad, yi amfani da shi ka mayar da fistin ciki: sa sukudireba tsakanin fad da tsohon faifai ka danna a hankali har su koma gaba ɗaya. Buɗe murfin tankin man birki ka riƙa leƙawa, domin man zai hau. In ya kusa zuba, zuƙe kaɗan da sirinji. Man birki yana cin fenti, wanda ya ɗiga a wanke da ruwa nan take.

A nan ka lura da kyau. Fistin da ya ƙi komawa, ko robarsa ta yage, ko fad ɗin ciki ya cinye fiye da na waje, alama ce kalifar ta kame. Ita ce ta ƙona tsohon faifan, kuma za ta ƙona sabon. A gyara ta da sababbin robobi ko a canza ta kafin a ci gaba.

Kwance ƙaramin bol mai lamba 12 da ke riƙe da maƙalin bututun birki, don bututun ya sami sarari. Sannan manyan bol biyu masu lamba 17 a bayan kalifa. Suna da tauri, a sa dogon hannu. Ɗago kalifar ka rataye ta da waya a jikin sifirin.

Gargaɗi: kada ka bar kalifa tana lilo a kan tiyo, kada ka lanƙwasa ɗan bututun ƙarfen da ke shiga cikinta, kuma ka kiyayi wayar ABS da ke bi ta wurin. Kada kowa ya taka birki yanzu, fistin zai faɗo waje. Ƙurar birki kuma ba a hure ta da baki ko iskar inji. A fesa mata abin wanki ta gangara.

8. Fitar da tsohon faifai

A ƙirar 2005 zuwa sama faifan zaune kawai yake a kan hob, wato ƙarfen da ke ɗauke da kusoshin taya, taya ce ke danne shi. Wani lokaci da hannu zai fito. In tsatsa ta riƙe shi, fesa mai a kewayen tsakiya da gindin kusoshi, ka ba shi mintuna. Akwai ƙananan ramuka biyu masu zare a hular faifan: ɗaura bol ɗin M8 a ciki, ka riƙa juya wannan kaɗan, wancan kaɗan, har ka ji ya ɓalle. Idan sai da guduma, bugi hular a tsakanin kusoshi, ka mayar da notina a kan kusoshin don kada ka lalata zare.

Masu tsohuwar ƙira ta kafin 2005, naku aikin ya fi tsawo. Faifan a bayan hob yake a ɗaure, sai an kwance makullin jan ƙafa huɗu, an cire manyan notinan boris masu lamba 54, an zaro hob ɗin gaba ɗaya. Tunda an buɗe, a wanke boris a duba, a cika sabon giris, a sa sabon sil da sabuwar washar kulle. Ɗaurin boris yana da ƙa'idarsa: ya yi tauri ya ƙone, ya yi sako-sako taya ta yi wasa. Wanda bai taɓa yi ba ya bar wa bakanike wannan ɓangaren, ya tsaya yana kallo.

9. Goge fuskar hob

Matakin da yaran gareji suka fi tsallakewa ke nan, kuma shi ne ke sa mutum ya dawo bayan wata biyu yana cewa an sayar masa da jabu. Fuskar da faifai zai zauna a kai dole ta zama ƙarfe tsantsa. Ɓarɓashin tsatsa da bai kai kaurin takarda ba, idan ya shiga tsakanin hob da faifai, faifan zai zauna a karkace. Kamar tukunya ce a kan murhun da dutse ɗaya ya fi sauran tsawo. Karkatar da aka yarda da ita a bakin faifai ba ta wuce milimita 0.05 ba. Ranar farko ba za ka ji komai ba. Amma a kowane juyi wuri ɗaya na faifan yana gogar fad, a hankali wurin ya sirance, kauri ya bambanta, rawar ta dawo. Abin da mutane ke kira faifai ya lanƙwashe, galibi wannan ne.

Saboda haka sa burushin waya da samfefa, ka bi kewayen kowace kusa da zoben tsakiya har ya yi haske. Share da tsumma mai tsabta. Kama hob ɗin ka jijjiga, ka juya shi ka saurara. In yana wasa ko yana gurnani, boris ya tafi, kuma sabon faifai ba zai zauna daidai a kansa ba.

10. Ɗora sabo

Sabon faifai yana zuwa da man hana tsatsa a jikinsa. Wanke fuska biyun da feshin wanke birki har farin tsumma ya daina baƙi. In babu feshin, ruwan zafi da sabulu, a busar sosai. Kananzir da gas ba sa wannan aikin, maiƙo suke bari.

Ɗora faifan, ka riƙe shi da noti biyu ko uku da hannu don ya kwanta. Juya shi ka kalli bakinsa. Idan gareji na da agogon auna karkata, wannan ne lokacinsa. In ya nuna ya wuce ƙa'ida, cire faifan ka juya shi zuwa wasu ramukan ka sake gwadawa. Mayar da kalifa, ka fara ɗaura manyan bol ɗin da hannu don kada zare ya hau karkace, sannan ka ƙarasa da sifanar awo bisa lambar da littafin motar ya bayar. Mayar da maƙalin bututu.

Goge dogayen fin da samfefa su yi santsi. Wanda ya lanƙwashe ko tsatsa ta cinye a canza shi. Shafa giris na birki kaɗan a jikinsu da bayan fad, ka mayar da siraran farantan da ke bayan fad ɗin, su ne ke hana ƙara. Zura fad, zura fin, mayar da ƙarfen dannewa da wayar kulle.

Gargaɗi: giris ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko faifai. Kuma giris ɗin boris ba na nan ba ne, yana kumbura roba.

11. Ɗaurin taya

Sa taya, ɗaura notina da hannu, sauke motar, sannan ka ƙarasa a tsallake: wannan, sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, ba bi da bi a zagaye ba. A yi zagaye biyu, na farko rabin ƙarfi. Wannan Hilux ɗin kusan 105 take so a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm. Al'adar nan ta sa dogon bututu a wil sifana yaro ya hau yana tsalle ita ce hanya ta biyu ta lalata sabon faifai, domin noti ɗaya ya fi sauran matsewa ya murɗe hular. Tana kuma miƙar da kusoshi har wata rana su karye a hanya.

12. Kafin motar ta motsa

Bayan ka gama gefe biyu, shiga ka taka birki sau da yawa, gajeren taku, har feda ta yi tauri. Takun farko zai tafi ƙasa ba tare da ya kama komai ba, saboda fistin suna can ciki. Wanda ya manta wannan ya ja mota, bangon gareji ne zai tsayar da shi. Duba man birki ya tsaya tsakanin layi biyun, ka ƙara irin wanda aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4, daga robar da ba a daɗe da buɗewa ba. DOT 5 ba ya haɗuwa da su. Idan ba ka kwance bututu ba, babu buƙatar fitar da iska. In feda ta ƙi tauri, ko ka ga jiƙa a kalifa, motar ba ta fita sai an gano dalili.

13. Sabar da fad da faifai

Nemi hanya marar cunkoso. Kai gudun 60, ka taka birki da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen 10, ka saki ka sake hawa, ba tare da ka tsaya cak ba. Yi haka sau takwas zuwa goma, da ɗan tazara a tsakani. Za ka iya jin ɗan wari, ba komai. Daga nan ka yi tafiyar mintuna kana kauce wa birki don ya huce. Kada ka tsaya ka danne feda a kan faifai mai zafi, fad yana barin tambarinsa a wurin, kuma kada ka shiga ruwa ko ka kai wanki a wannan halin.

Da ka tsaya, kusantar da bayan hannunka ga kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Zafinsu ya zama kusan ɗaya. In gefe guda ya fi zafi sosai, kalifarsa na riƙewa, a koma mata. Kilomita 200 zuwa 300 na farko a rage lodi a kuma guji birkin gaggawa in ba dole ba. A gangara mai tsawo a sauko da giya ta biyu ko ta uku, injin ya riƙe motar. Bayan kilomita 50 zuwa 100, sake bin notinan taya da sifanar awo, kowanne a tsallake kamar farko.